Inda Littafin Ya Saba Buɗewa

Litinin, 7 ga Oktoba, hantsi

Wannan littafin rubutu na Zumuntar Mata ne, a cikinsa nake rubuta abin da aka tattauna a taron coci. Na juya shi ta baya na fara nawa, tunda ba mai tambayata shi kafin ƙarshen wata. Shekara shida ke nan ina magatakarda, don dai an ce rubutuna yana karantuwa.

Yau kwana biyar da tafiyar 'yata Kurfi. Ba zan rubuta sunanta ba. 'Yar fari ce, tun ranar suna ban taɓa kiran sunanta da bakina ba, haka muka tarar iyayenmu suna yi, Kirista da Musulmi duka. In ina son ta sai in ce "ke", kuma ta san da ita nake ko da mata goma ne a tsakar gida.

Sabuwar gyaɗa ta shigo, na soya, na kai inji. Matsar man ce ta ba ni wuya. Ita ke riƙe mini turmi in ina juyawa, yau turmin sai rawa yake yi.

Maigida ya tafi gonar wake a Karofi. Tun ranar Laraba gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Talata, 8 ga Oktoba, la'asar

Na yi daidai. Ba ni na yanke ba.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan azahar

Mako guda cif. Bari in rubuta yadda aka yi, ko ya bar yi mini yawo a kai.

Ta same ni a madafa, ta durƙusa, ta faɗa mini abin da idona ya riga ya gani tun ranar da ta fara gudun ƙamshin mai. Na tambaye ta mai cikin, ta ce ya bar gari, wayarsa ba ta shiga. Ban dake ta ba, ban zage ta ba. Na wanke hannu, na shiga ɗaki, na ɗauko Littafi Mai Tsarki.

A gidanmu haka ake yi. Innata ba ta iya karatu ba har ta koma ga Ubangiji, amma in abu ya sha mata kai sai ta rufe ido, ta buɗe Littafi, ta dangwala yatsa, ta kira wani ya karanta mata abin da ke ƙarƙashin yatsan. Da haka ta yarda da aurena, da haka ta hana yayana tafiya Legas. Ni ma da shi na tashi, sai dai ni ina karanta abina.

Na rufe ido na buɗe. Wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, ƙarshen sura biyar, yatsana a kan inda aka ce a kori mugun nan daga cikinku. Ban yarda ba, na rufe na sake. Shafin nan dai. Na uku ma shi ne, idona kuwa ya riga ya san hanya.

Na fito na ce ta tattara kayanta, kada ta sake taka ƙofar gidan nan. Ta ce, "Mama, ina za ni?" Na ce, "Ba ni na ce ba. Allah ne ya ce, har sau uku." Babanta ya dawo ya tarar da ita a zaure da jaka. Bai tambaye ni komai ba, ya ɗora ta a babur ya kai ta wurin yayarsa, Hajiya Rekiya, a Kurfi.

Juma'a, 11 ga Oktoba, yamma

Na tuƙa tuwon mutum uku. Sai da na zo kwashewa na tuna.

Maigida ya dawo daga gona ƙafarsa fes, ko ƙaiƙayi babu a rigarsa. Ban san wane irin aikin wake ne wannan ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan sujada

Mawaƙa sun matsa sun cike gurbinta a layin gaba, kamar ba a taɓa yin mutum a wurin ba. Muryar sama ce dai ta yi rauni, kowa ya ji, ba wanda ya ce komai.

A bakin ƙofa Fatu, shugabar Zumunta, ta kama hannuna ta ce, "Tani, kin yi ƙoƙari. Ba kowace uwa ke iya hifita maganar Allah a kan ɗiyar cikinta ba." Na ce na gode. Ban san yabo yana ɗaci ba sai yau. Na dawo gida ban iya cin komai ba, sai ruwa.

Litinin, 14 ga Oktoba, hantsi

Hawwa'u maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta gan ni ina kokawa da turmi, ta zagayo ta riƙe mini. Shekara goma sha biyar muna aron gishiri da garwashi. Ba ta tambaye ni ba, ni ce bakina ya ƙi zama, na ba ta labarin buɗewar sau uku.

Ta ce, "Ni ban san naku ba hwa. Amma malaminmu na Islamiyya shina cewa kowace aya da dalilin saukarta, in ba ka san wa aka yi wa magana ba, sai ka ɗauki hular wani ka kihwa wa wani."

Na ce mata namu daban ne. Ta ce to, ta ci gaba da riƙon turmi. Man ya fito da kyau. Na ji haushinta har yamma, alhali ba ta yi mini komai ba.

Talata, 15 ga Oktoba, azahar

Hajiya Rekiya ta kira. Ko gaisuwa ba ta bari ta ƙare ba.

"Tani, ɗiyarki ba ta cin abinci. Kunu ma sai na tsaya a kanta da faɗa. Na kai ta awo, sun ce jininta ya yi ƙasa. Kwance take, huska ga bango."

Na ce Allah ya ba ta lafiya.

"Shi ke nan abin da za ki ce? Ni da na bar addininku shekara talatin ni ke jinyar ɗiyar magatakarda? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, matar ƙanena."

Na ce mata akwai abin da ba za ta gane ba. Ta kashe wayar. Gaskiya ina son Hajiya, amma bakinta ya fi nawa, ni kuwa an san ni.

Abin da ba za ta gane ba shi ne, in maganata ce sai in janye yau ɗin nan. Amma na ce Allah ne ya ce. Wa ke janye wa Allah magana?

Laraba, 16 ga Oktoba, gab da magariba

Na je nazarin Littafi na ranar Laraba. Rabona da shi an yi shekaru, kullum ina cewa lokacin tuyar ƙuli-ƙuli ne. Mutum bakwai ne a benci biyu, Baba Usaini yana gaba. Tsohon mai bishara ne, ya san kakannin kowa, shi ne kuma ke ɗinke wa mutane Littafinsu in ya yage, da zare da ƙaro.

Da aka tashi na tsaya na faɗa masa. Na zaci zai ce madalla. Sai ya ce, "Miƙo shi nan."

Ya tsayar da Littafin a kan gindinsa bisa benci, ya sake shi. Ya buɗe a Korintiyawa sura biyar. Ya rufe ya sake, nan dai. Ya miƙo mini ya ce in gwada ido buɗe. Nan dai.

"Ɗinkin ya saki a wurin nan," in ji shi. "Ko akuya ta ture shi nan zai buɗe. Mi kika daɗe kina ajewa a ciki?"

Sai da na zauna. Katin baftismarta ne da hotonta na ranar, a cikin leda, shekara tara suna wurin. Bara ta karɓe su ta sa a jakarta.

Ya ce, "Kakanki ƙasa shike bugawa in an zo mishi da damuwa, na gan shi da idona. Ke kin aje ƙasa kin ɗauki Littafi, amma bugun dai shi ne."

Raina ya ɓaci. Na ce, "To Baba, in Allah ne ya saki ɗinkin a wurin fa?"

"Zai iya. Amma in ɗanki ya aiko miki wasiƙa daga makaranta, ido kike ruhewa ki dangwala layi guda ki ce kin ji saƙo? Wagga ma wasiƙa ce, Tani. Tahi ki karanta ta tun daga gaisuwa."

Ya ce in bar Littafin ya gyara mini. Na ce ba yanzu ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, safe

Sura ɗaya da biyu. Shekara talatin da wani abu Littafin nan yana hannuna, ban taɓa sanin wasiƙar tana da gaisuwa ba. Ashe mutane ne masu gari da kasuwa, kuma wata mata ce mutanen gidanta suka kai wa Bulus labarin ana rigima. Ko a can ma akwai masu kai rahoto.

Juma'a, 18 ga Oktoba, safe

Uku da huɗu. Wannan ya ce shi na wane ne, wancan ya ce shi na wane ne. Sak Zumuntarmu shekarar da aka yi faɗa kan launin anko. Na yi dariya ni kaɗai, sai na tuna ba wanda zai fito daga ɗaki ya ce, "Mama, mi ya faru?"

Asabar, 19 ga Oktoba, hantsi

Ban karanta ba. Na share gida har bayan rumbu.

Lahadi, 20 ga Oktoba, la'asar

Na karanta sura biyar, tun daga aya ta fari, sau biyu, da yatsana yana bin layi a hankali.

Wani mutum ne ke zaune da matar ubansa a fili, ba kunya ba tsoro, jama'ar cocin kuma suna ta fahariya kamar ba komai. Su ne Bulus ke yi wa faɗa. Taron ikilisiya ya ce su taru su yi, bai ce wata uwa ta shiga ɗaki ita kaɗai ta fito da hukunci ba. Mutumin can bai durƙusa ba. Tawa ta durƙusa, har gwiwarta ta kwashi toka.

Akwai kuma jerin mutanen da ya ce kada a ci abinci da su. Ba zan yi ƙarya ba, irin nata laifin yana ciki. Amma a layin nan dai akwai mai zage-zage.

Ranar 9 ga wata na rubuta cewa ban zage ta ba. Na zage ta. Na faɗi kalma biyu da ba zan sa a littafin Zumunta ba, kuma kafin in wanke hannu na faɗe su. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango nata.

Talata, 22 ga Oktoba, azahar

Na kai sura sha ɗaya. Wasu wuraren ban gane ba, na sa musu alama da fensir. Masu hali suna cinye abincin taro kafin talakawa su iso, wannan kam na gane.

Har yanzu ban ga inda aka ce in janye ba. Na dai ga ba da ni ake ba a wurin da na zaci da ni ake. Ban sani ba ko wannan ya isa.

Laraba, 23 ga Oktoba, gab da magariba

A nazari Baba Usaini ya ce kowa ya faɗi abin da ya kawo shi karatun. Wani ya ce don kada a kayar da shi a gardamar kasuwa. Wata ta ce 'ya'yanta suna yi mata tambaya tana jin kunya. Wani tsoho ya ce shi dai gida ya yi masa shiru tun rasuwar matarsa.

Da aka zo kaina na ce, "Ina so in san ko aiko ni aka yi, ko ni na aiki kaina." Ba wanda ya tambaye ni me nake nufi. Duk sun sani, garin nan ba ya da girma haka.

Alhamis, 24 ga Oktoba, safe

Sura sha uku, wadda ke magana a kan ƙauna. 'Yata ce ta rera ta a bikin 'yar Fatu. Na karanta da muryarta a kunnena, na kasa ƙarasawa sai da na fita na dawo.

Juma'a, 25 ga Oktoba, la'asar

Na gama wasiƙar. Ta ƙare da gaisuwa kamar yadda ta fara.

Hajiya ta kira, yau a hankali take magana, wanda ya fi faɗanta ban tsoro. Wata ƙawar 'yata za ta zo daga Kaduna ranar Alhamis ta tafi da ita. 'Yar tawa ta ce za ta je inda ba a san ta ba, ba za ta bar lamba ba.

"Na hana, ta ce ni ba uwarta ba ce. Gaskiya ta hwaɗa. Ƙahwahunta sun kumbura, Tani, ban ga mai tahiya a wurin ba, amma za ta tahi."

Saura kwana shida.

Asabar, 26 ga Oktoba, hantsi

Na ɗauko Littafin na rufe ido. Hannuna har ya kama bango. Sai na buɗe idon, na ji kunyar kaina.

Tunda akwai wasiƙa ta biyu zuwa ga mutanen nan dai, na ce bari in ji yadda suka ƙare. Na fara daga gaisuwa. A sura biyu Bulus ya dawo kan wani mai laifi da jama'a suka hora. Ya ce horon ya isa haka. Ya ce yanzu su yafe masa, su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya yi masa yawa ya haɗiye shi. Har roƙonsu yake yi su tabbatar masa suna ƙaunarsa.

Fuska ga bango, in ji Hajiya.

Shafi goma sha wani abu ne tsakanin inda yatsana ya faɗa da nan. Na ƙirga. Kwana ashirin da huɗu na yi kafin in taka su.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan sujada

Na tare Baba Usaini na tambaye shi ko mutumin sura biyar ne aka yafe wa. Ya ce masana sun rabu, wasu sun ce shi ne, wasu sun ce wani ne daban, shi ba zai rantse ba. Na so ya ce shi ne, in huta.

Ya ce, "Ko wane ne, mai rubutun dai guda ne, kin kau ji halinshi. Mi kike jira, in ba ki takarda?"

Fatu ta tuna mini taron ƙarshen wata. Na ce wataƙila ba na gari. Ta dube ni, ta gane, ta ce, "Mutane za su ce kin yi amai kin lashe." Na ce su faɗa, aman nawa ne. Ban san na iya faɗin haka da murya ƙasa ba.

Litinin, 28 ga Oktoba, yamma

Maigida yana zaune yana ɓarar wake na ce masa, "Gobe ina so in je Kurfi."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Kullum cike nike aje tankin babur tun ranar da na kai ta."

Na ce na ga yana dawowa daga gona ba ƙura ba laka. Ya ce, "Wake bai kai shi sa mutum zuwa gona kullum ba, Tani." Ashe kwana biyu Karofi, kwana ɗaya Kurfi. Na ce me ya hana shi faɗa mini. Ya ce na ce Allah ne ya ce, shi kuwa bai iya karatu kamar ni ba, da me zai yi gardama.

Wannan ta fi duk maganar Hajiya shiga jikina. Na zauna na taya shi ɓara.

Talata, 29 ga Oktoba, la'asar, a Kurfi

Mun iso da hantsi. Hajiya tana auna dawa a zaure, ta dube ni sama da ƙasa, ta nuna mini ɗaki da haɓa.

Tana kwance kamar yadda aka faɗa. Ta rame a wuya da hannu, zanen kuma da ƙyar ya zagaya. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Ke." Ba ta motsa ba. Na sake cewa, "Ke." Shiru. Na san ta ji ni, kafaɗarta ta nuna.

Na ce, "Kyauta."

Ta juyo. Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa jin sa a bakina ba. Ni ma sai na ji shi baƙo, amma ya zauna daidai.

Na zauna a bakin katifa na fito da Littafin daga jaka. Ta ja jiki zuwa bango ta ce, "Mama, don Allah kada ki buɗe."

Na ce, "Ba irin wancan buɗewar ba ce. Abin da na ce Allah ya ce, ni na ce. Ban karanta ba na yanke, na kuma zage ki. Ki yafe mini."

Ta kafa wa Littafin ido. Ban matsa ba. Na ce na bar tabarau a gida, ta karanta mini wasiƙa ta biyu tun daga gaisuwa. Tabarau ɗin yana cikin jakata, Allah ya yafe mini wannan ma.

Ta karanta da ƙaramar murya, tana hutawa. Da ta zo inda aka ce horon ya isa, sai ta tsaya, ta kasa. Na ce, "Ci gaba. A gidanmu an daina tsayawa a aya ɗaya." Ta yi wata irin dariya da kuka a haɗe, ta ƙarasa surar, sannan ta kwantar da kanta a cinyata. Mun daɗe a haka.

Daga tsakar gida Hajiya ta ce, "In an gama wa'azin, kunu na hucewa."

Laraba, 30 ga Oktoba, safe

Kyauta ta sha kunu kofi biyu. Ta kira ƙawarta ta ce kada ta zo. Babanta ya tafi tasha neman mota, ya ce ba za ta hau babur a haka ba.

Akwai zaman dattawa a gaba, akwai bakin mutane, akwai abin da za a shirya wa nan da wata huɗu. Ban san yadda za a yi ba, kuma ba zan rufe ido in tambaya ba.

Muna haɗa kaya katin baftismar ya faɗo daga jakarta, da hoton, a ledarsu. Na ce ta ba ni. Na sa su a wasiƙa ta biyu, sura biyu, na rufe Littafin na danne da tafin hannu.

Ta ce, "Mama, nan ma ɗinkin zai saki."

Na ce bari ya saki.